Masassara a Gaya: zanen aro ba ya rufe katara

Ranar 19 ga watan Satumba na 2024 manyan ƙasa suka taru a Gaya, aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna, aka ƙaddamar da allurar riga-kafin masassarar cizon sauro karo na farko a Nijar. Ba banza aka zaɓi Gaya ba. Nan ne damina ta fi nauyi a duk faɗin ƙasa, ga kogin Kwara, ga fadamun shinkafa da na rake, ga sauro da ba ya ɗaukar hutu. Duk uwar da ta taɓa kwana tana fifita yaro mai zafin jiki ta yi murna da wannan rana, kuma ta yi gaskiya. Sai dai akwai tambayar da masu jawabi ba su yi ba, ita ce kuwa: a cikin ilimin da ya haifi wannan allura, dala nawa baitulmalin Nijar ya zuba?

Allurar da aka kawo Gaya, mai suna RTS,S, an fara haɗa ta a 1987 a ɗakunan binciken kamfanin da yau ake kira GSK, tare da cibiyar binciken sojojin Amurka. Masana sun ɗauki wani ɓangare na rigar ƙwayar masassara, suka ɗinka shi a jikin wani sinadari na ƙwayar ciwon hanta, domin jikin yaro ya gane abokin gaba tun kafin ya shigo. Daga 2009 zuwa 2014 aka yi babban gwajinta a wurare 11 cikin ƙasashen Afirka 7, har da Burkina Faso da Gana. Nijar ba ta cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta amince da ita a watan Oktoba na 2021. Wasu suka yi shuka, wasu suka yi noma, Nijar ta zo da ƙwarya ranar sussuka. Alhali a lissafin OMS na shekarar 2023, cikin mutum kusan 597,000 da masassara ta kashe a duniya, kusan kashi 6 cikin 100 ƴan Nijar ne. Najeriya da Kwango ta Kinshasa kaɗai suka fi ta yawan gawa.

Wani zai ce ai ba kome, tunda allura ta iso. To, allura ba ta kore magani, domin kariyar da take bayarwa ba cikakkiya ba ce, yara za su ci gaba da kamuwa, za a ci gaba da kai su likita. Magani kuwa yana da ajali. Dattawan kasuwar Gaya ba su manta da Nivaquine ba, ƙwaya mai ɗaci mai arha, wadda kowane mai tebur yake sayarwa. Ƙwayar masassara ta koyi jure mata. Juriyar ta ɓulla a gabashin Afirka a 1978, ta iso yammaci cikin shekarun 1980, kuma binciken da aka yi a Senegal ya nuna mutuwar yara ta ninka fiye da sau biyu bayan isowarta. Nijar ba ta sauya magani a hukumance ba sai 2005. Tsakanin ranar da maganin ya fara gazawa da ranar da aka yarda ya gaza, ma'aikatan lafiya sun yi ta ba da ƙwayar da ba ta aiki, iyaye sun yi ta biya, maƙabarta ta yi ta cika. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Yau akwai hanyar da ake gane gazawar magani tun kafin kaburbura su ba da shaida, kuma ba tsafi ba ce. Ana ɗan soka yatsan yaro, a ɗiga jini a kan wata takarda, a shanya. A ɗakin bincike akwai na'ura da ke kwafar rubutun gado na ƙwayar cutar sau miliyoyi har ya isa a karanta shi harafi bayan harafi. Idan harafi ɗaya ya sauya a wani gurbi sananne, an san ƙwayar ta fara taurin kai. A 2001 wani ɗan Mali, Abdullahi Djimde, tare da abokan aikinsa na jami'ar Maryland ta Amurka, ya nuna cewa sauyi a gurbi na 76 na wani sashe mai suna pfcrt shi ne tambarin jure wa kulorokin. A 2014 masanan cibiyar Pasteur da ke aiki a Kambodiya suka bayyana irin wannan tambari ga atemisinin, wato ginshiƙin maganin da ya gaji Nivaquine, a wani sashe mai suna kelch13. Tambarin ya bayyana a Ruwanda a 2020, ya bayyana a Yuganda a 2021, an kuma gan shi a Eritiriya da Tanzaniya. Hanyar da juriyar kulorokin ta biyo ke nan, daga gabas zuwa yamma. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin da ya kamata ya yi da nasa.

In kuwa baƙuwar za ta shigo Nijar, ba ta da ƙofar da ta fi Gaya. Ga Malanbil a ƙetaren kogi, ga Kamba ta jihar Kebbi nan kusa, ga hanyar Kwatano wadda ta daɗe tana ɗauko kaya da mutane. Direba ya kamu a Farku, ya sayi rabin magani a tasha, ya ji sauƙi, ya jefar da sauran, ya kwana a Gaya, sauro ya cije shi ya ciji ɗan mai masauki. Ƙwayar cuta ba ta tsayawa a shingen duwan, ba ta nuna fasfo. Ko lokacin da aka rufe gada bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, jiragen ruwa ba su fasa ƙetare da mutane ba. Shi ya sa Gaya ke cikin wuraren da cibiyar CERMES ta Yamai da hukumar yaƙi da masassara suke gwada ƙarfin magani. Ƙa'idar OMS a fili take: a yi gwajin duk shekara 2, a bi kowane yaro har kwana 28 aƙalla, kuma idan maganin ya gaza ga fiye da 10 cikin 100, a sauya shi.

Nijar tana da masanan da suka iya wannan aiki. CERMES tana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, kuma tun farkon shekarun 2000 tana cikin zumuntar cibiyoyin Pasteur na duniya. Abin kunyar shi ne inda kuɗin aikin ke fitowa. Gwamnati ta ba da gini, ta biya albashi, ta tsaya nan. Sinadaran da na'ura ke ci, man motar da za ta yi tafiyar kilomita wajen 300 daga Yamai zuwa Gaya, ladan masu bin yara gida gida, kuɗin karanta samfuri, galibinsu daga aljihun baƙi suke fitowa: Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da masassara, da shirin shugaban Amurka na yaƙi da masassara wanda ya haɗa da Nijar tun 2017, da cibiyoyin Faransa da na Tarayyar Turai. Wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓen waƙa. Shi ke faɗin tambayar da za a bincika, da shekarar da za a fara, da ranar da za a naɗe tabarma.

Ranar naɗe tabarmar kuwa ta zo, har sau biyu cikin shekara biyu. Bayan juyin mulkin 2023 Faransa da Tarayyar Turai suka dakatar da tallafinsu, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na bukatarta daga gare ta, sai a watan Maris na 2024 ta mayar. Sinadaran bincike da samfuran jini a cikin sanyi suke rayuwa, kuma firij ba ya jin jawabin siyasa. Sannan a watan Janairu na 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta tsayar da taimakon da take bai wa ƙasashen waje da sa hannu ɗaya, kafin tsakiyar shekara ta rushe hukumar USAID, wadda ta hannunta shirin masassara ke gudana. Ba wanda ya shawarci mai garin Tara ko limamin Bengu. Ba a ma shawarci ministan lafiya ba, kuma babu dalilin da zai sa a shawarce shi, tunda ba kuɗinsa ba ne.

Masu kare gwamnatoci, na farar hula da na soja, amsarsu ɗaya ce tun zamanin taron ƙasa na 1991: ƙasa matalauciya ce, ga yunwa, ga tsaro, ga albashi, binciken ƙwayar halitta ado ne na masu ƙoshi. Wannan magana ba ta tsayuwa a gaban ɗan kasuwar da ya san lissafi. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ke nan ana sayen maganin masassara buhu buhu da sunan gwamnati kowace damina. Wane ɗan kasuwa ne zai sayi tirela guda ta shinkafa bai soka buhu ɗaya ya duba ba? Kuɗin gwaji ɗigo ne a kan kuɗin maganin da ake gwadawa. Kuma ƙasar da ta rattaba hannu a Legas a 1980, ta sake amincewa a taron Tarayyar Afirka na Khartum a 2006, cewa za ta keɓe kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa domin bincike, ba ta ko kusanci wannan adadi ba. Ba a taɓa jin an rasa kuɗin sababbin motocin manya ba, ko na tarurrukan ƙara wa juna sani a otal, inda ake raba ambulan a watse.

Akwai kuma wasu a ɗaya gefen, masu cewa a kori baƙi gaba ɗaya, a huta da masu ɗibar jinin yara. Tsoronsu yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike na yara 200, 11 suka mutu, wasu suka nakasa, aka shekara da shekaru ana shari'a. Rashin yardar da abin ya bari yana cikin dalilan ƙin allurar shan inna a Kano a 2003, cutar kuma ta tsallako har Nijar. Amma abin da Kano ta koyar shi ne baƙo na yin yadda ya ga dama a gidan da mai gida ba ya gani. Ba a yin wannan ilimi a cikin kangon ƙasa ɗaya, ko Amurka da Sin suna musayar samfuri da masana. Maganin abin shi ne mai gida ya zauna a teburin da kuɗinsa da masanansa da sharuɗɗansa, ya zama abokin tarayya mai hannun jari.

Maƙwabta sun nuna hanya. A Bamako, Ogobara Dumbo da Yeya Ture suka kafa cibiyar binciken masassara a 1992 cikin makarantar likitoci. Kuɗin Amurka ya taimaka ƙwarai, amma sun kafa sharaɗin tura matasa karatu su dawo su tarar da kujera da na'ura, kuma cikin waɗannan matasa Djimde ya fito. Burkina Faso ta kafa asusun gwamnati na bincike, FONRID, a 2011. A garin Nanoro, wanda bai kai Gaya girma ba, Halidu Tinto da jami'ar Oxford suka gwada allura ta biyu, R21, a kan yara 450, aka bayyana sakamakon a 2021, OMS ta amince da ita a 2023. Sunan Nanoro ya zaga duniya. Mali da Burkina ba su fi Nijar uraniyom ba, ba su fi ta man fetur ba.

Abin da ake bukata a bayyane yake. A kasafin kuɗin kowace shekara a ware layi na musamman domin haɗin gwiwar bincike da ƙasashen waje, a buga adadinsa a jarida, a kuma buga abin da aka saki da ranar da aka sake shi, domin asusun da ke takarda kawai ba ya sayen ko kwalba ɗaya. Ofishin duwan na Gaya ya shekara da shekaru yana cikin manyan ƙofofin da ke cika baitulmali. Ɗan abin da za a tsakura daga irin wannan kuɗi ya isa ya riƙe gwajin shekara biyu biyu ba tare da an jira wani ba. Kowace yarjejeniya da cibiyar waje ta ƙunshi kason da Nijar za ta biya, da sharaɗin cewa rabin kowane samfuri zai zauna a gida, da sunan ɗalibin da za a horar, da na'urar da za a bari. Asibitin Gaya ya sami ɗakin ajiye samfuri mai wutar hasken rana, jami'ar Dosso da aka kafa a 2014 ta sami rabonta na ɗaliban. A nemi haɗa aiki da masana na Kwatano da na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko da shugabanni ba sa ga maciji, tunda sauron Malanbil da na Kamba da na Gaya dangi ɗaya ne. Sannan duk sakamakon da aka samu a faɗe shi a rediyo da Hausa da Dandanci da Zabarmanci, domin uwar da ta miƙa yatsan ɗanta tana da haƙƙin jin abin da aka gani.

Ƴan kasuwa ma ba su fita ba. Mai sayar da magani ƙwaya ƙwaya a faranti, cikin rana, wanda bai san inda aka yi shi ba, shi ke horar da ƙwayar cuta ta koyi juriya, kuma ɗansa ba zai tsira ba in ta koya. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na masu sufuri, waɗanda suka iya rufe kasuwa a kan harajin da bai yi musu ba, suna da bakin da za su tambayi ina kason bincike. Haka ƙungiyoyin ƙwadago, da suka saba yajin aiki a kan bashin albashi, su tuna cewa ma'aikaci yana kashe wani ɓangare na albashin nan a kantin magani daga Yuli zuwa Oktoba.

An yi shekaru ana rera ƴancin kai da diyauci a dandali. Diyaucin da bai iya biyan kuɗin karanta ɗigon jinin ɗan Gaya ba, yana da sauran aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Damina na zuwa kowace shekara, ko an yi kasafi ko ba a yi ba.