Tazarar da ke Tsakanin Matar Kunduru da Lauyan Kyauta

Gabatarwa

Kunduru gari ne na manoma a Ƙaramar Hukumar Kankiya, a tsakiyar Jihar Katsina. Macen da aka saka a irin wannan gari aka kuma bar mata 'ya'ya ba ciyarwa, ko wadda mijinta ya rasu aka raba gonarsa ba a fitar mata da tumunin takaba ba, tana da haƙƙi tabbatacce a shari'ar Musulunci, kuma dokar ƙasa ta tanadi hukumar da za ta tsaya mata ba tare da ta biya ko kwabo ba. Duk da haka, da yawa daga cikin irin waɗannan mata haƙuri suke yi su koma gidan iyayensu, su rungumi ƙaddara. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ba ƙarancin doka ne ya jawo haka ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutum na kusa, wanda matar ta amince da shi, mai iya yi mata bayanin haƙƙinta da Hausa, ya kuma nuna mata ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Masana Hausa kuwa suna da kaso a cikin wannan aiki, kuma har yau ba su ɗauki kasonsu yadda ya kamata ba.

Abin da Doka ta Tanada

An kafa Hukumar Tallafin Shari'a ta Ƙasa a shekarar 1976, da farko domin kare marasa ƙarfi da ake tuhuma da manyan laifuffuka. Dokar da aka yi mata a 2011 ta faɗaɗa aikinta zuwa wasu shari'o'in da ba na laifi ba, ta kuma buɗe hanyar yin aiki da ƙungiyoyi masu zaman kansu da cibiyoyin ba da shawara na tsangayoyin koyon aikin lauya. Ma'aunin cancanta shi ne kada abin da mutum yake samu ya wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka mayar naira 70,000 a wata a 2024. Da wannan ma'auni, da wuya a sami mai sana'ar ƙuli-ƙuli ko daddawa a Kunduru da ba ta cancanci tallafin ba.

Bayan wannan hukuma akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995, wadda ke karɓar koke kyauta. Akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, wadda reshenta na Nijeriya ya fara aiki a 1964, da ƙungiyar WRAPA da aka kafa a 1999 domin kare haƙƙin mata. Sai dai ofisoshin irin waɗannan hukumomi da ƙungiyoyi galibi a manyan birane suke. Daga Kankiya zuwa birnin Katsina tafiya ce ta kimanin kilomita 60, kuma matar Kunduru sai ta fara isa Kankiya tukuna. Ko da lauya bai karɓi komai ba, akwai kuɗin mota zuwa da dawowa, na matar da na muharramin da zai raka ta, akwai kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci da na karɓar kwafin shari'a, ga ranar sana'a da za ta rasa duk lokacin da aka ɗage zama. Kafin duk wannan ma, sai ta san cewa ofishin yana nan. Rashin sani kuwa, in ji Bahaushe, ya fi dare duhu.

Darasi daga Bakori

Jihar Katsina tana da misali da duniya ta sani na abin da ke faruwa idan mace ta tsaya gaban alƙali ba mai ba ta shawara. A watan Maris na 2002, kotun shari'ar Musulunci ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal, 'yar ƙauyen Kurami, hukuncin jefewa bisa tuhumar zina, bayan ta haihu alhali aurenta ya mutu. Ba ta da lauya a wannan zama na farko. Babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta na shekarar. Sai a ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Katsina ta soke shi, da rinjayen alƙalai huɗu a kan ɗaya. Lauyoyin da suka tsaya mata, ciki har da Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, sun yi aikin ne da goyon bayan ƙungiyoyin WRAPA da BAOBAB.

Abin lura shi ne irin hujjojin da suka yi nasara. Daga cikin fiƙihun Malikiyya da dokokin jihar aka ciro su. An nuna cewa wanda ya yi iƙirari da laifin haddi yana da damar janye iƙirarinsa. An nuna cewa a mazhabar Malikiyya ciki yana iya kwanciya har shekara biyar, don haka ana iya jingina ɗan matar da aka saka ga tsohon mijinta. An kuma nuna cewa alƙalin farko ya zauna shi kaɗai, alhali dokar jiha ta shar'anta ya zauna da mataimaka biyu. Waɗannan hukunce-hukunce suna nan tun kafin a kai ta kotu. Wanda zai faɗa mata su ne babu. Haka abin ya kasance ga Safiya Husaini ta Tungar Tudu a Jihar Sakkwato, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta sallama a watan Maris na 2002.

Waɗannan shari'o'i biyu sun sami lauyoyi ne saboda ran mutum ake magana, kuma kafafen yaɗa labarai na duniya sun ɗauki batun. Shari'ar matar Kunduru ba ta da irin wannan sa'a. Batun buhun dawa ne, ko fegin gona, ko wanda zai riƙe yaro ɗan shekara huɗu. Babu ɗan jaridar da zai zo, amma a kan waɗannan abubuwa rayuwarta da ta 'ya'yanta ta dogara.

Haƙƙoƙin da ke Cikin Littafi

Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci hurumi a kan aure da saki da riƙon yara da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, wato ainihin abubuwan da ke kai matan karkara kotu. Littattafan da alƙalanmu suke hukunci da su, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, sun ba mace haƙƙoƙi masu faɗi. Matar mamaci tana da tumuni idan ya bar 'ya'ya, da rubu'i idan bai bari ba. Uwa ce ta fi cancanta da renon ɗanta namiji har ya balaga, da 'yarta har ta tare a gidan miji, matuƙar ba a sami abin da ya zubar da wannan haƙƙi ba, ciyarwarsu kuma tana kan uba. Matar da mijinta ya daina ciyar da ita, ko yake cutar da ita, tana iya neman alƙali ya raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba.

Wannan hukunci na ƙarshe ya nuna illar rashin mai ba da shawara. Macen da ba ta san bambancin raba aure saboda cutarwa da hul'i ba, idan ta gaji da duka sai ta ce ita dai a raba ta da shi. Idan ba ta ambaci cutarwar ba, ko ba ta zo da shaidu ba, maganar tana iya komawa hul'i, a ce ta biya miji fansa. Sai ta sayar da akuyarta ta sayi 'yancin da shari'a ta riga ta ba ta kyauta. Bayanin da bai wuce na rabin sa'a ba kafin ta shiga kotu zai iya hana wannan asara.

Jagorar Shari'a a Kowace Mazaɓa

Ba zai yiwu a ajiye lauya a kowane ƙauye na ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina ba. Abin da zai yiwu shi ne a horar da mata 'yan gari, kamar malaman Islamiyya da ma'aikatan lafiya da malaman firamare, su zama jagororin shari'a. Aikinsu shi ne sauraron koke, da bayyana wa mace haƙƙinta, da taimaka mata ta adana takardar saki da sunayen shaidu, da raka ta zaman sulhu, da tura ta wurin lauyan kyauta idan magana ta fi ƙarfin sulhu, da tuna mata cewa ɗaukaka ƙara tana da wa'adi. Ƙasar Saliyo ta gwada wannan, har dokarta ta tallafin shari'a ta 2012 ta tanadi a sami irin wannan jagora a kowace masarauta. A Kano ma, Gidauniyar Isa Wali ta horar da irin waɗannan masu taimako a wasu ƙananan hukumomi.

Tsarin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albab, ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda ta naɗa dattijan mata a matsayin jajoji, suna karɓar karatu a wurinta suna kai wa matan ƙauyuka cikin waƙoƙin Hausa da Fulfulde. Jaji ba alƙaliya ba ce, amma ita ce ke haɗa matar ƙauye da ilimin birni. Irin wannan gurbi ake son jagorar shari'a ta cika.

Za a iya cewa wannan hanya ce ta zuga mata su kashe aurensu, kuma sulhu a gaban mai unguwa ko liman ko Hisba ya fi kotu alheri. Gaskiya ne sulhu alheri ne, kuma yawancin rigingimun gida a nan ya kamata su ƙare. Amma sulhun da ɓangare ɗaya bai san abin da yake da shi ba, danniya ce da sunan sulhu. Macen da ta yafe tumuninta tana sane ta yi kyauta. Wadda ta bar shi domin an ce mata mace ba ta gadon gona, ƙwace aka yi mata. Za a kuma iya jin tsoron jagora ta mayar da kanta lauya, tana karɓar kuɗi. Maganin wannan shi ne rajista da sa ido daga Hukumar Tallafin Shari'a, da ɗan alawus daga ƙaramar hukuma, da haɗa kowace jagora da wani lauya da za ta riƙa tuntuɓa ta waya. Tsangayar shari'a ta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, da lauyoyi masu yi wa ƙasa hidima, za su iya ɗaukar wannan nauyi.

Kason Masana Hausa

Adabinmu ya daɗe da gano wannan ciwo. Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, labarin mace ne da miji ya kora tare da 'ya'yanta bayan ya yi amarya. Mun rubuta kundaye masu yawa a kan jigo da salon irin waɗannan littattafai, amma ba mu samar wa matan da labaran suke wakilta ko da ɗan littafi ɗaya mai sauƙi da zai zama abin dogaro a kotu ba.

Dokokin tarayya da Turanci ake rubuta su, littattafan fiƙihu da Larabci, zaman kotun shari'ar Musulunci kuma da Hausa ake yin sa, Hausar da ta cika da kalmomi irin su i'izari da iƙirari da faskhu da hul'i, waɗanda mai ƙara ke amsa wa da “na'am” ba tare da ta fahimci nauyinsu ba. Aiki uku ne a gaban sassan Hausa na jami'o'inmu. Na farko, a nazarci Hausar kotu kamar yadda ake yin ta, daga kundayen shari'a da ke rubuce da Hausa, a gano inda fahimta ke yankewa tsakanin alƙali da mai ƙara. Na biyu, a haɗa kai da malaman fiƙihu da lauyoyi a daidaita kalmomi, a kuma rubuta jagora mai sauƙi a kan saki da ciyarwa da reno da gado, cikin boko da ajami, domin akwai matan da suka fi sakewa da ajami. Na uku, a mayar da wannan jagora murya, ta gidajen rediyo da saƙon waya, domin wadda ba ta karatu ta ji da kunnenta. Ɗalibin digiri na biyu da ke neman batun bincike ba zai sami wanda ya fi wannan amfani ga jama'a ba.

Kammalawa

Dokar 2011 ta buɗe ƙofa, fiƙihun Malikiyya ya tanadi haƙƙin, tarihin 'Yan Taru kuma ya nuna cewa mata za su iya kai ilimi ga mata har cikin gida. Shawarar wannan maƙala ita ce a fara gwaji da ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada: a horar da mata biyu a kowace mazaɓa, a ba su littafin jagora da Hausa, a haɗa su da lauya a Katsina, bayan shekara guda a ƙirga koke nawa suka karɓa, nawa aka sasanta, nawa suka kai kotu. Ma'aikatar Harkokin Mata da ma'aikatar shari'a ta jiha su ne za su ɗauki nauyin horo da alawus. Rubuta littafin da daidaita kalmominsa kuwa aikin sassan Hausa ne, kuma za a iya fara shi tun kafin gwamnati ta ware ko sisi.