YAWON BUƊE IDO KO YAWON RUFE IDO?

Kamar yadda aka saba duk shekara, da zarar watan Yuli ya raba tsakiya, makarantu suka shiga jarrabawar zango na uku, sai a ji gidajen manyan ƙasar nan sun ɗauki harama. Daga Maitama da Asokoro a Abuja, zuwa Nasarawa a Kano da Unguwar Rimi a Kaduna, zancen guda ne: bana ina za a kai yara? Wannan ya ce Dubai, wancan ya ce Landan, wani ya ce ai Dubai ta zama ta kowa, shi Turkiyya za shi da iyalinsa. Wai su yi mako biyu su huta, yara su buɗe ido, kafin a koma makaranta a watan Satumba.

Tun farko ya kamata mai karatu ya sani cewa babu wanda ya ce tafiya haramun ce. Magabata sun keta sahara da ƙafa don neman ilimi da fatauci, kuma mutumin da ya nemi halalinsa ya faranta wa iyalinsa bai yi laifi ba. Abin da ke buƙatar a tsaya a duba shi ne shirin tafiyar kansa, domin a cikinsa ne asirin mahukunta ya tonu. Shekara da shekaru suna gaya wa talakawa cewa gyara makarantun gwamnati abu ne mai wuya, babu kuɗi, sai a yi haƙuri. Amma duk wanda ya ga yadda waɗannan mutane ke shirya wa 'ya'yansu hutun kwana 14 zai gane cewa ƙarya suke yi. Sun iya shiri. Sun san abin da yaro ke bukata tun daga kansa har ƙafarsa, in dai yaron nasu ne.

A ɗauki Alhaji Wane, babban darakta a wata ma'aikata, da uwargida da yara huɗu. Tun watanni kafin hutu ya sa a kawo masa kalandar makarantar yaran, ya san ranar rufewa da ranar buɗewa. Ya sa an duba fasfon kowa, saboda ƙasashe da dama ba sa karɓar fasfon da ya rage ƙasa da wata shida ya ƙare. Daga 1 ga Satumba 2025 aka mai da kuɗin ƙaramin fasfo mai shafi 32 naira 100,000. Mutum shida ke nan naira 600,000, tun ba a taka ƙofar filin jirgi ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato masinjan ofishin Alhaji zai yi wata takwas yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kuma bai haɗa kuɗin littattafan nan shida ba.

Sai biza. In Ingila ce, a watan Afrilun 2025 aka mai da kuɗin bizar baƙunta ta wata shida fam 127 kowane kai, babba da yaro. Mutum shida fam 762, a lokacin da fam ɗaya ke wajen naira 2,000, wato abin da ya haura naira miliyan ɗaya da rabi. Kuma in aka hana, kuɗin sun tafi ke nan, ba a mayarwa. Mutumin da talaka zai yi wata yana sintiri bai samu ganinsa ba, shi ne zai tattara takardun bankinsa na watanni, da takardar haihuwar kowane yaro, da wasiƙar makaranta mai shaida cewa yaran ɗalibai ne kuma za su dawo, ya miƙa wa baƙo cikin ladabi, ya koma gida yana jiran hukunci. A gida zaki, a ƙofar ofishin jakadanci ɗan akuya.

Ba a nan shirin ya tsaya ba. Ana kai yaran a yi musu allurar rigakafin shawara a karɓo katin nan ruwan ɗorawa. Ana sayen inshorar lafiya, don kada zazzaɓi ya kama ɗan auta a can a rasa yadda za a yi. Ana zaɓen otal mai wurin wasan yara, ana tsara cewa kada a gajiyar da su, yau gidan namun daji, gobe hutu, jibi kasuwa. Ana barin kwana uku ko huɗu a ƙarshe don barcinsu ya daidaita kafin ranar komawa aji. Ikon Allah! Ashe an san rigakafi yana da amfani. To ina aka ajiye wannan sanin a 2023, lokacin da cutar mashaƙo ta yi ta ɗibar yara a Kano, jihar da ta fi kowace yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu kuwa yaran da ba su samu cikakken rigakafi ba? Ashe an san barcin yaro da cikinsa suna shafar karatunsa. To wa ya taɓa lissafa barcin yaron da ke kwana a kangon shago, ya tashi da robar bara a hannu?

Hukumar UNICEF ta daɗe tana cewa yara kimanin miliyan 10.5 'yan shekara 5 zuwa 14 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. A 2022 UNESCO ta ce in an haɗa da na sakandare sun kai wajen miliyan 20. Waɗannan ba su da kalandar da za a duba, balle hutun da za a shirya. Kuma ba don babu doka ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don tallafa wa jihohi ta hannun hukumar UBEC. Sharaɗin kawai shi ne jiha ta ajiye nata kason daidai da abin da za ta karɓa. Shekara bayan shekara hukumar na kukan cewa biliyoyin naira na jibge, jihohi sun ƙi kawo nasu kason su ɗauka. Jami'in da ba ya makara da minti ɗaya ranar da aka ba shi a ofishin biza, shi ne fayil ɗin gyaran azuzuwa ke shekara a kan teburinsa.

Abin dariya kuma abin kuka, ƙasar da suke rububin kai 'ya'yansu ba ta wasa da aji. A Ingila, tun daga watan Agustan 2024, uban da ya cire ɗansa daga makarantar gwamnati na kwana biyar don yawon hutu ba da izini ba, ana iya cin sa tarar fam 80 a kan kowane yaro, uwar ma haka, in ba a biya cikin kwana 21 ba ta koma fam 160. Sun je sun ga kantuna, sun ga jan bas mai hawa biyu, sun ɗauki hoto a ƙofar fadar sarki, amma wannan ɗaya ba su taɓa ganinsa ba balle su zo da shi tsaraba.

Akwai masu cewa, “Ai kuɗinsa ne, ina ruwan wani?” Wannan magana tana da amsa biyu. Ta farko, in ɗan kasuwa ne da kowa ya san shagonsa a Kantin Kwari ko Singa, tsakaninsa da Ubangijinsa, sai dai a tuna masa haƙƙin maƙwabci da hanin almubazzaranci. Amma ma'aikacin gwamnati albashinsa a rubuce yake, matakinsa sananne ne. In albashinsa na shekara sukutum bai kai kuɗin tikitin mutum shida da otal na kwana 14 ba, kuma ga shi duk shekara yana tafiya, to tambayar inda ya samo ba hassada ba ce, haƙƙin mai dukiya ne, mai dukiyar kuwa shi ne talaka.

Amsa ta biyu ita ce wadda matasa da yawa ba su sani ba. Shekaru da dama ƙasar nan ce ke biya wa masu yawon hutu wani kaso na tafiyarsu. Babban Bankin Nijeriya yana da tsarin da ake kira PTA, wanda ya ba matafiyi baligi damar sayen dala har 4,000 duk wata uku a farashin gwamnati. A ƙarshen 2022 dala a banki ba ta kai naira 460 ba, a hannun 'yan canjin Wapa kuwa ta haura naira 700. Mai karatu ya buga lissafi da kansa: rarar da ke kan dala 4,000 ta kai wajen naira miliyan ɗaya ga mutum guda, miji da mata miliyan biyu. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne, wato rangwamen da Alhaji shi kaɗai ya samu a tafiya ɗaya ya kusa albashin lebura na shekara uku. Dalar nan ta man fetur ce, ta kowa da kowa. Kuma ba kowa ke samu ba, sai mai tikiti da biza a hannu, sai kuma wanda ya san manaja. Sai a watan Yunin 2023 aka saki naira, wannan tazara ta rufe, kafin shekara ta zagayo dala ta haura naira 1,500. Wahalar ta faɗa kan mai sayen masara da kwano. Jiragen kuwa ba su daina cika ba.

Shekarar 2022 ta isa misali ga mai neman sanin abin da ke tayar wa mahukunta hankali. Ranar 14 ga Fabrairu malaman jami'a na ƙungiyar ASUU suka shiga yajin aiki, ba su koma ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur ɗalibai na zaune a gida, wasu sun koma tuƙa keke-napep, wasu sun watse ke nan. Ana cikin haka, a watan Agusta, kamfanin jirgin Emirates ya ce zai daina zuwa Nijeriya saboda dala miliyan 85 na kuɗin tikitinsa da ya kasa fitarwa. Ba a yi mako biyu ba Babban Banki ya saki dala miliyan 265 ga kamfanonin jiragen waje. Kuɗinsu ne, babu mai musu. Amma a dubi saurin! Hanyar Dubai za ta toshe, cikin kwanaki an samo mafita. Ƙofar jami'a na rufe, sai da aka garzaya kotu. Duk da haka a watan Oktoban shekarar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Nijeriya biza, Emirates ya janye. A watan Satumban 2023 Shugaba Tinubu da kansa ya je Abu Dhabi kan maganar, fadarsa ta yi shelar an ɗage takunkumi nan take, amma biza ba ta dawo ba sai Yulin 2024, jirgin kuma sai Oktoba. Da ana bin maganar makarantun firamare da irin wannan naci, da ba a nan ake ba.

In aka tambaye su me ya hana su kai yaran Yankari su ga giwa da idonsu, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, sai su ce hanya ba tsaro. Gaskiya ne, amma tsaron a hannun wa yake? Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari wurin shaƙatawa ne na ƙasa a takarda, ya koma maɓoyar 'yan bindiga. Bikin kamun kifi na Argungu ya tsaya bayan na 2009, sai 2020 aka sake yi. Ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Shi mai hali ya tsallake wannan duka ta sama. Ɗan talaka kuwa ko aji bai tsira ba: sama da yara 300 aka kwashe a Ƙanƙara a Disambar 2020, 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, sai Kuriga a Maris 2024, inda gwamnati ta ce 137 aka sako. Bayan kowane hari abin da ake yi shi ne a rufe makarantun yankin. Su ma an ba su hutu ke nan, wanda babu ranar komawa a kalandarsa.

Wasu kuma sun gano dabarar lulluɓe tafiyar da mayafin ibada: kwana huɗu a Makka, kwana goma a kantunan Dubai, a dawo ana cewa an je Umara. Umara dai Umara ce, ladanta na wurin Allah. Amma ba ta wanke kuɗin kwangilar da ba a yi ba, kuma malamin da ya karɓi kujera a wannan ayari ya yi shiru ya san abin da ya saya da abin da ya sayar.

Babban abin tsoro shi ne yadda cutar ta gangaro ƙasa. Matashi na zaune a majalisa, wayarsa a hannu, yana ta duba hotunan 'ya'yan manya a gaban dogon benen Burj Khalifa, ba fushi yake ji ba, sha'awa yake. Burinsa ba a gyara makarantar unguwarsu ba ne, burinsa shi ma wata rana ya kai matsayin da zai tsallake ta. Ƙaramin ma'aikaci ya ci bashi, ko ya kwashe adashen uwargida, don kada a ce 'ya'yansa ba su taɓa hawa jirgi ba, Satumba ta zo kuɗin makaranta ya gagara. Da haka ake renon azzaluman gobe tun ba su samu kujera ba.

Matashin da ke son ya yi wani abu ba sai ya jira kowa ba. Firamaren gwamnati da ke unguwarsu ba ta da nisa. Ya je da abokansa su ƙirga azuzuwan da ba rufi, da yaran da ke zaune a ƙasa, da malamai nawa ke zuwa. Su rubuta, su nemi sanin ko jiharsu ta biya kasonta na UBEC a bana, su kai wa kansila da ɗan majalisarsu, su nemi amsa a rubuce. In an ce musu mai girma ba ya gari, su tambayi ranar da makarantar 'ya'yansa za ta buɗe. Kwana uku kafin ranar yana gida.