Rasit Ɗin Haya Ya Yi Daraja A Minna

Sanin kowa ne cewa a garin Minna, kamar yadda ya ke a yawancin garuruwan Arewa, ba kasafai a ke haɗa biyan kuɗin haya da alƙalami ba. In shekara ta zagayo sai ɗan haya ya ƙulle kuɗinsa, ya jira a idar da sallar Magariba, ya yi sallama da mai gida, ya miƙa masa. Mai gida ya ƙirga ya ce Allah Ya amfana, shi ke nan an rabu. In akwai shaida, to, maƙwabci ne, ko kuwa dillalin da ya haɗa su tun da fari. Wanda duk ya ce a rubuta masa takarda sai a dube shi sheƙeƙe, a ɗauka ko dai baƙo ne, ko kuwa mai shirin rigima.

To, wannan 'yar takarda da a ke jin nauyin tambayarta yanzu ta yi daraja. Ran 26 ga watan Yuni na 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokoki huɗu na haraji, babbar cikinsu kuwa ta fara aiki ran 1 ga Janairun 2026. Dokar ta ce Naira 800,000 ta farko daga abin da mutum ya samu a shekara ba ta da haraji ko kwabo, abin da ya ɗara haka har zuwa Naira miliyan 3 kuwa a kan ɗauki kashi 15 cikin 100. Ta soke tsohon rangwamen nan da a ke yi wa kowa da kowa ba tare da an tambaye shi inda ya ke kwana ba, watau Naira 200,000 da kuma kashi 20 cikin 100 na albashi. A madadinsa sai ta kawo rangwamen haya: za a cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da mutum ya biya a shekara, muddin abin cirewar bai wuce Naira 500,000 ba, kafin a yanka masa haraji. Amma da sharaɗi. Tilas ne ya bayyana wa hukumar haraji ainihin abin da ya biya, hukuma kuwa ba ta aiki da "wallahi na biya".

Ya kamata mai karatu ya lura, domin da yawa sun ji labarin a gurguje sun ɗauka Gwamnati za ta mayar musu da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin hayarsu. Ba haka abin ya ke ba. A ɗauki misalin ma'aikacin da ke karɓar Naira 150,000 a wata, yana zaune a ciki da falo a Tunga ko Bosso a kan Naira 400,000 a shekara. Abin da za a cire masa daga lissafi shi ne Naira 80,000, harajin da ya tsira daga biya kuwa kashi 15 cikin 100 ne na wannan, watau Naira 12,000 a shekara. In an taƙaita, Naira 3 ke nan cikin kowace Naira 100 da ya ba mai gida. Ba a raina ta ba, don kuwa ta sayi 'yan mudu na shinkafa, amma ba za ta biya wa yaro makaranta ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Harajin da a ke yanka wa mutum a kan abin da ya ke samu, ko da ya ke Majalisar Tarayya ce ke tsara dokarsa, Gwamnatin Jihar da mutum ya ke zaune ita ke karɓa. A nan Minna, Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Neja ce. Ashe ke nan duk ɗan hayar da ya kai rasit don neman rangwame, ya kai wa hukuma sunan mai gidansa, da unguwar da gidan ya ke, da abin da a ke karɓa a kowane ɗaki, ba tare da ya yi niyya ba. Kuɗin haya kuwa abin biya wa haraji ne tun ba yau ba. Dokar harajin mutane ta 1993 ta ambace shi a fili, sai dai rashin takarda ya sa ba a iya kama bakin zaren. Yanzu an mai da kowane malamin makaranta da kowane akawu ɗan rahoto, ba a kuwa biya shi ladan rahoton ba sai Naira 3 cikin 100.

Masu gidaje ba yara ba ne, su ma sun iya lissafi. Abu biyu ne mai gida zai iya yi in ya ga idon hukuma ya juyo kansa: ko dai ya ƙi ba da rasit, ko kuwa ya ba da, sa'an nan ya ɗora abin da ya ke tsammanin za a caje shi a kan kuɗin baɗi. In ya ƙara Naira 50,000 a kan wancan ma'aikaci na Tunga, ƙarin rangwamen da zai samu Naira 1,500 ne kacal, ribarsa ta Naira 12,000 kuwa ta bi ruwa har da uwar kuɗi. An gudu ba a tsira ba. Kuma ba ya da bakin musu, domin ɗaki ya fi ɗan haya wuyar samu a garin nan. Tun da Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka mai da Minna hedkwata, garin da a da tashar jirgin ƙasa ce babbar alamarsa bai daina cika ba. Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta zo a 1983, ɗalibanta suka cika Bosso da Gidan Kwano, ga kuma waɗanda ta'asar 'yan bindiga ta raba da ƙauyukansu a Shiroro da Munya da Rafi, kowa yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa.

Bai kamata kuma a zana mai gida da baƙin fenti ɗungurungum ba. Da yawa daga masu ba da haya a Kpakungu da Maitumbi da Limawa tsofaffin ma'aikata ne da suka zuba kuɗin sallamarsu a ɗakuna huɗu ko biyar, wasu kuma gwauraye ne da marayu da suka gaji gida, da kuɗin hayar su ke ci. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta riga ta danƙa filayen birni a hannun Gwamna, saboda haka mai takardar mallaka yana da kuɗin ƙasa a wuyansa, ƙaramar hukuma kuma tana da ikon neman kuɗin gini. Abin da irin waɗannan bayin Allah ba su sani ba, domin ba wanda ya zauna ya gaya musu da Hausa ko Nufanci ko Gwaranci, shi ne cewa wannan Naira 800,000 marar haraji ta shafe su su ma. Wanda duk abin da ya ke samu a shekara bai kai haka ba, ba a binsa komai, ko da an rubuta sunansa sau goma a ofis. Tsoron da ba shi da tushe shi zai fi cutar ɗan haya, ba harajin kansa ba.

Wannan tsoro kuwa gadonsa aka yi. Dattawa ba su manta da zamanin En'e ba, lokacin da mutum ba ya kuskura ya yi tafiya ba da rasit ɗin harajinsa a aljihu ba, don kada ɗan doka ya tare shi a tasha ya kwana a gadurum. Shi ya sa da Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa suka yi ta murna kamar ranar Salla. Mutumin da ya taso da irin wannan labari, in ya ji an haɗa kalmar rasit da kalmar hukuma, gabansa ne ke faɗuwa.

Shi kuwa ɗan tireda a Kasuwar Kure, ko tela a Sabon Gari, ko makanike a bakin hanyar Chanchaga, duk wannan magana ta kashi 15 ba ita ce ke hana shi barci ba. Abin da ke damunsa shi ne 'yan tikiti. A 1998, zamanin mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, wanda shi ma ɗan garin nan ne, an kafa Dokar Soja mai lamba 21 wadda ta raba wa kowa gonarsa. Ta ba Jiha kuɗin rajistar wurin sana'a, ta ce a birni kada ya wuce Naira 10,000 a karon farko da Naira 5,000 ta sabuntawa kowace shekara. Ta ba ƙaramar hukuma kuɗin kanti da rumfa, da na allon talla, da na kwashe shara, da na tashar mota, har da na baro da amalanke. Ta hana kowa kafa shinge a kan hanya da sunan karɓar haraji, ta tanadi tarar Naira 50,000 ko ɗaurin shekara 3 ga wanda ya karɓi abin da ba hurumin sa ba. A takarda abin ya tsaru. A ƙasa kuwa, kwamitin da Malam Taiwo Oyedele ya shugabanta, wanda ya share fagen dokokin 2025, ya tarar da haraji iri sama da 60 da hukumomi ke karɓa a ƙasar nan, ban da waɗanda ba su cikin kowane littafi. Garin Minna kuma ƙananan hukumomi biyu ne suka raba shi, Chanchaga da Bosso, ga Jiha a bisansu, saboda haka ba abin mamaki ba ne mai sana'a ya kasa tantance wanda ya zo da doka da wanda ya zo da riga kurum.

In an matsa wa mai kanti, a kan yaron kanti ya ke hucewa. Gwamna Mohammed Umar Bago ya amince da Naira 80,000 a matsayin albashi mafi ƙanƙanta ga ma'aikatan Jiha a 2024, sama da Naira 70,000 ta Tarayya, amma dokar albashin ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Yawancin kantuna da shagunan ɗinki na Minna ko rabin haka ba su da shi.

A koma kan rasit. Amfaninsa bai tsaya ga rangwamen haraji ba. Bisa dokokin karɓe gida daga hannun ɗan haya da a ke aiki da su a jihohin ƙasar nan, in babu wata yarjejeniya dabam, mai biya wata-wata yana da haƙƙin notis na wata guda, mai biya shekara-shekara kuwa na wata 6, bayan ya cika kuma a ba shi na kwana 7, sa'an nan a je kotu. Ba a yarda mai gida ya cire rufi ko ya watsar da kaya waje da hannunsa ba. To, amma da me mutum zai nuna wa alƙali cewa shi na shekara ne, in ba ya da ko guntuwar takarda? Jihar Legas ta gane haka tun 2011, ta yi dokar da ta wajabta wa mai gida ba da rasit, da tara a kan wanda ya ƙi, ta kuma hana karɓar kuɗin sama da shekara guda a dunƙule daga hannun mai haya ta shekara.

Wannan aiki ne na Majalisar Dokokin Jiha, ba na Abuja ba, domin sha'anin haya yana hannun jihohi. Kafin 'yan majalisa su motsa kuwa, Hukumar Tara Kuɗin Shiga tana iya buga rasit iri ɗaya ta raba kyauta ta hannun masu unguwanni, ta sa a yi bayani a gidan rediyo da harsunan da jama'a ke ji, ta kuma liƙa a ƙofar kowace kasuwa jerin abin da ya halatta a karɓa da sunan ofishin da ke karɓa. Abin da zai fi kwantar wa masu gidaje hankali shi ne ta fito fili ta faɗi matsayinta game da shekarun baya, ko za a bi su bashi ko an yafe, domin muddin wannan magana tana rufe, ɗan hayar da ya nemi rasit a Tunga notis zai samu kafin ya sami takardar.