Wanda Ya Ƙi Zango Ba Ya Isa Gwanja

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata magana da ta cika gari a zamanin nan, wadda muka ga lalle ne mu yi mata gardama tun ba ta ɓata ku ba. Wai mai ƙoƙari shi ne wanda ba ya barci, wanda idonsa ya yi ja wur, wanda in an gaishe shi sai ya ce ko lokacin shan ruwa ba shi da shi. Har yaro yakan tashi cikin 'yan'uwansa yana alfahari, wai jiya ya kwana bisa littafi da goro a baki. Mu dai mun ce wannan wauta ce aka naɗa mata rawani.

Masu wannan ra'ayi za su ce mana, ai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ba mu musa ba. Amma su dubi fataken dā, waɗanda sukan tashi daga Kano zuwa Gwanja sayo goro, tafiyar watanni. Wa ya fi su sanin wahala? Duk da haka madugun kirki yakan yi zango, a sauke wa jakuna kaya, a sha ruwa, a kwana. Wanda ya kora ayarinsa dare da rana, gawar jakuna zai ƙirga, ba riba ba. To, ƙwaƙwalwa ma dabbar kaya ce, tana da iyakar abin da take ɗauka.

Kada ku ce tatsuniya muke yi muku. A 1960 wani likita, Raymond Prince, ya yi bayanin wata damuwa da ya gani ga 'yan makaranta a kudancin Nijeriya, watau gajiyar ƙwaƙwalwa. Yaro ya ji kansa da wuyansa suna zafi, ido ya dushe, ya karanta shafi guda bai fahimci kome ba, abin da ya haddace kuwa ya zube. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan hali ga ma'aikata, da wani suna na Turanci mai ma'anar ƙonewa ƙurmus, kamar lagwanin fitilar da mai ya ƙare. Alamunsa uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya tsani aikin da yake so a dā, sa'an nan aikin ya lalace a hannunsa. A 2021 kuma hukumar nan da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta mutum 745,000 sun mutu a 2016 da ciwon zuciya da shanyewar jiki, saboda aikin sa'a 55 ko fiye a mako. Wannan ne abin alfahari?

Mutanen Japan, da ba wanda zai kira su ragwaye, har suna da kalma, karoshi, watau mutuwa don yawan aiki, kuma a 2014 suka kafa doka don maganin abin. Tun 1919 aka ƙulla yarjejeniyar duniya a kan aikin masana'antu, sa'a 8 a yini, 48 a mako. A 2017 Faransa ta ba ma'aikata ikon su rabu da saƙonnin ofis bayan an tashi aiki. Ashe waɗanda suka riga mu shiga tseren nan su ne suka fara neman linzami.

Abin da ya ƙara dagula zamaninku kuwa, wayar hannu. Dā in rana ta faɗi, kasuwa ta watse. Yau kasuwar tana cikin aljihu, ba ta tashi, kowa yana kira, kowane labari yana neman kunnenku. Zuciyar da aka raba gida goma, ina za ta sami wurin ajiye darasi?

Saboda haka ga shawararmu. Ku ba barci hakkinsa, gama masana sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar sa'a 8 zuwa 10, kuma cikin barci ne karatun yini ke zama daram. Ku yi bitar darasi kaɗan kaɗan tun farkon zango, don akuyar da aka ba dusa ran kasuwa ba ta ƙiba. In kun zauna karatu, waya ta kwana wani ɗaki. Ku fita wasa da yamma, ku yi hira da mutane ido da ido. Wanda ya ji alamun nan kuwa ya gaya wa malaminsa ko iyayensa, in abin ya daɗe a ga likita, ba abin kunya ba ne.

Ku kuma iyaye da shugabannin makarantu, ku daina auna yaro da jan idonsa. Manomi yakan bar gona saura don ta sake haihuwa, balle ɗan mutum. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba ku ilmi mai amfani tare da lafiyar morarsa, amin.