Kwali Dabam, Tuta Dabam

Ran 1 ga Agusta 2024 samari suka fita zanga-zanga a Daura, kamar sauran garuruwan Arewa, suna kukan tsadar abinci. Tun daga lokacin muna ta jin ana gwama sunayen abin da masu irin wannan fita su kan ɗaga a hannu. Wani ya ce kwali, wani ya ce allo, wani ya ce tuta, sai ka ce duk ɗaya ne. To, a ganinmu ba ɗaya ba ne, akawuna da malaman makaranta kuwa su ya fi kamata su kiyaye.

Kwali dai takarda ce mai kauri, irin wadda a ke zuba sabulu ciki. Talaka ya kan yage ta ya rubuta kukansa, ya ɗaga don mahukunta su gani. Allo kuwa na makaranta ne, ko wanda a ke kafewa a bakin hanya don sanarwa, ba a yawo da shi cikin taro.

Tuta ita ce mai nauyi. Mutumin Daura ba ya bukatar a gaya masa haka, gama da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Malam Isiyaku ya karɓi mulkin ƙasar nan zamanin jihadi. Wanda ya ɗauki tuta ya faɗi wanda ya ke bi ke nan. Mai kwali kuwa roƙo ya ke yi wurin hukumar da ya yarda da ita.

Mun ga ƙarshen abin. Cikin watan nan na Agusta waɗansu suka ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna. Aka yi kame, aka kai mutane kotu a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, har da yara, sai cikin Nuwamba 2024 Shugaban Ƙasa ya ba da umurni a sake yaran.

Saboda haka akawun da ya rubuta "tuta" cikin rahoto, alhali kwali yaro ya riƙe, ya ɗora masa laifin da bai yi ba. Magana zarar bunu ce, balle wadda ta shiga fayil. Muna roƙon malamai su koya wa yara bambancin nan tun daga aji, akawu kuma kada ya sa alƙalami sai ya tambayi wanda ya gani da ido, me aka ɗaga, me aka rubuta a jiki.