Idan Kantin Talaka Ya Sa Babbar Riga

 

A wannan fitowa za mu ɗan fita daga kasuwanninmu, mu leƙa Amurka da Faransa, domin wani al'amari da ya faru can wanda bai rasa nasaba da aljihun magidanci da tukunyar uwargida a nan gida ba. Al'amarin kuwa shi ne, me mai saye yake ji a ransa idan kantin da ya saba da shi saboda araha ya wayi gari ya sa babbar riga, yana zawarcin masu hannu da shuni?

A shekarar 1962 wani ɗan kasuwa mai suna Sam Walton ya buɗe kantin Walmart na farko a garin Rogers na jihar Arkansas. Dabararsa ɗaya ce tak: a ci riba kaɗan a kan kowane kaya, a sayar da yawa. Da wannan dabara kamfanin ya bunƙasa har ya zama babu kamarsa a duniya wajen sayar da kayan masarufi, kuma ƙashin bayan cinikinsa su ne ƙananan ma'aikata da mutanen karkara, irin waɗanda albashinsu yake ƙarewa wata bai ƙare ba.

To, wajen 2005 sai shugabannin kamfanin suka lura da wani abu da ya tsaya musu a rai. Masu hali suna shigowa, su sayi sabulu da omo da kayan abinci, amma idan suka zo wurin tufafi ko kayan adon ɗaki ba sa ko waiwayawa, sai su tafi kantin Target su kashe kuɗinsu can. Sai aka ɗaura niyyar kamo su. A watan Satumba na wannan shekara kamfanin ya sayi shafi 8 na talla a mujallar Vogue, wadda ita ce uwar mujallun kwalliya, daga baya kuma ya fito da tufafin mata na yayi da ya sa wa suna Metro 7. A watan Maris na 2006 ya buɗe wani kanti na gwaji a Plano, cikin jihar Texas, unguwar masu kuɗi, da wurin shan gahawa mai intanet, da manyan talabijin masu tsada, har da kwalbar giya, wa'iyazu billahi, da kuɗinta ya kai dala 500. Dalar Amurka muke nufi, kada mai karatu ya lissafa da dalarmu ta tamma biyar.

Ba tufafin ne suka fi ɓata wa tsofaffin abokan ciniki rai ba. A ƙarshen 2006 kamfanin ya soke wani tsari da talakawa suka daɗe suna dogara da shi, inda mutum zai zaɓi kaya, ya ba da kafin alƙalami, kanti ya ajiye masa, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan har ya cika sannan ya ɗauka, babu kuɗin ruwa. Hujjar kamfanin ita ce masu amfani da tsarin sun ragu kuma ɗawainiyarsa tana da tsada. Mai yiwuwa gaskiya ne a littafin lissafi. Amma uwar da ta saba tara wa ƴaƴanta kayan biki ta wannan hanya, abin da ta fahimta shi ne an sami sababbin baƙi, ita kuma an nuna mata ƙofa. Su kuwa baƙin da ake yi dominsu ba su zo ba, domin matar da take sayen riga a manyan kantuna ba za ta yarda ƙawarta ta ji cewa a Walmart ta sayo ba, ko da ɗinkin ya yi kyau. A watan Nuwamba na 2006 cinikin tsofaffin kantunan kamfanin ya ɗan ja baya, abin da aka shekara goma ba a gani ba.

Duk da haka ba a daddara ba. A 2009 aka shiga gyaran kantunan gaba ɗaya: aka kwashe tulin kayan da ake jibgewa a tsakiyar hanya, aka rage ire-iren kayan da ke kan kanta, aka faɗaɗa wurin wucewa, wuri ya yi fes. A nan ne abin mamakin yake, kuma shi ya sa muka ɗauko wannan labari. Masu saye sun yaba da tsabtar, amma ciniki ya yi ta raguwa fiye da shekara biyu a jere. Shugaban sashen Amurka na kamfanin a lokacin, Bill Simon, da bakinsa ya amsa cewa mutane sun ji daɗin sabon tsarin, sai dai sun rage saye. A 2011 aka mayar da kaya kusan iri 8,500 da aka cire, aka dawo da tulin tsakiyar hanya, aka kuma dawo da biyan kaɗan-kaɗan a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara. Garin neman gira an kusa rasa ido.

Alal haƙiƙa mai ƙaramin ƙarfi ba a jikin takarda kaɗai yake karanta farashi ba. Yana karanta shi a jikin bango da fitila da daɓen ƙasa. Idan ya ga kaya a jibge cikin kwali, zuciyarsa ta ce masa nan akwai sauƙi. Idan ya ga an jera su ɗai-ɗai ƙarƙashin haske, ta ce masa nan ba wurinka ba ne, ko da kuwa ba a ƙara ko tamma ɗaya ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, shi kuma ya riƙe wannan magana har ya zamana duk inda ya ga ado sai ya yanke cewa araha ta yi ƙaura.

Waɗanda suka taɓa zuwa Paris a cikinmu, ko aka kawo musu tsaraba daga can, sun san kantin Tati na unguwar Barbès da ledarsa mai zanen ɗaki-ɗaki, fari da ruwan hoda. Jules Ouaki, mutumin Tunisiya, ya kafa shi a 1948, kuma ya zama matattarar baƙi ƴan Afirka da Larabawa. Cikin shekarun 1990 magadansa suka buɗe shagon zinariya a titin Rue de la Paix inda attajirai suke sayen lu'ulu'u, sannan a 1998 suka buɗe na kayan amare a babban titin Fifth Avenue na New York. A 2003 kamfanin ya kasa biyan bashi, a 2004 aka sayar da shi, a 2021 kuma aka rufe kantin Barbès ɗin kansa. Ba za mu ɗora laifin duka a kan son girma ba, domin sababbin kantunan tufafi masu araha sun cinye masa kasuwa. Kuma gyara ba kullum yake jawo asara ba: kamfanin Lidl ya gyara kantunansa na Faransa tun daga 2012, ya fara gasa burodi a ciki, mutane suka ƙaru, saboda ya gyara ɗakin bai saki arahar ba.

Masu kuɗin da Walmart ya yi ta zawarci kuwa sun zo daga baya, amma tsadar rayuwa ce ta koro su. A 2022 kamfanin ya bayyana cewa kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarin kasuwar abinci da ya samu ya fito ne daga gidajen da suke samun fiye da dala 100,000 a shekara. Da tukunya ta matsa, kunyar ta gudu. Shi kuma tsarin biyan kaɗan-kaɗan an sake soke shi a 2021, aka tura mutane ga bashin ɗauki yanzu ka biya daga baya, wanda sau da yawa yake ɗauke da kuɗin ruwa.

Mu ma nan ba mu tsira daga waɗannan halaye biyu ba. A Yamai da Maraɗi da Damagaram akwai kantuna masu gilashi da na'urar sanyi, kuma mun san magidancin da ko leƙa su ba ya yi don tsoron farashin da bai taɓa tambaya ba. Mun kuma san uwargidan da za ta zaɓo wa yara tufafi masu ƙwari a gwanjo, sannan ta juye su cikin ledar babban kanti kafin ta shigo unguwa, da saurayin da zai ƙara jika biyu a kan kaya iri ɗaya don dai a gan shi yana fitowa daga inda ake tura kwando mai taya. Na farkon tsoro ne yake yi masa lissafi, na biyun kuma idon mutane, alhali kuɗin da ake kashewa haƙƙin iyali ne da za a tambaye mu a kansa. Musulunci bai hana tsabta da kyan wuri ba, bai kuma aibata neman sauƙi ba. Almubazzaranci da riya ya hana. Suratul Furƙani ta ba mu labarin yadda kafiran Makka suka ɗauki shigar Manzon Allah (SAW) kasuwa a matsayin abin gori, aka kuma mayar musu da martani cewa manzannin da suka gabace shi ma haka suke yi.

Saboda haka, kafin sayayyar Sallah mai zuwa, muna ba da shawara maigida da uwargida su zauna su rubuta kaya biyar da gidansu ba ya rabuwa da su, kamar shinkafa da mai da sukari da madara da sabulu. A aiki yaro mai hankali ya tambayo farashinsu a wuri uku: shagon unguwa, da babbar kasuwa, da kantin gilashi. A lissafa da kilo ko lita ko tiya, kada a lissafa da girman kwali, a kuma haɗa da kuɗin kabu-kabu na zuwa da dawowa. Wanda ya gwada, muna roƙon ya aiko mana da abin da ya gani ta hannun ofishin ƙungiya, domin mu buga a fitowa ta gaba.