Manhaja ba ta san "za a yi" ba

Akwai wata 'yar ƙaramar kalma a harshenmu wadda ba ta wuce harafi ɗaya ba, amma ta binne ayyukan alheri masu yawa a zangunanmu. Kalmar ita ce "a". Ku tuna yadda taron kwamiti yake ƙarewa a Nima ko Sabon Zongo ko Aboabo: za a sayo siminti, za a kira magini, za a rubuta wa 'yan'uwa na waje takarda. Sai a shafa fatiha a watse, kowa zuciyarsa fari ƙal. Bayan mako biyu a dawo, a tarar ba siminti, ba magini, ba kuma wanda za a tuhuma, domin ba a taɓa ɗora aikin a wuyan kowa ba. Ba mu raina wannan kalma ba. Da ita muke sakaya zance, da ita yaro yake faɗa wa babba gaskiya ba tare da ya nuna shi da yatsa ba. Sai dai abin da yake ado a zaure yakan zama cikas a wurin aiki.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne yayin da ake yi yanzu na manhajojin tsara ayyuka, irin su Trello da Asana. Matasanmu sun gan su a ofisoshi da jami'o'i, suna kawo su cikin ƙungiyoyin unguwa da shagunan iyayensu. Mu ma mun taɓa shiga yayin. Muna cikin wani kwamiti da aka ɗora wa ƙara azuzuwa a makarantar Islamiyyar unguwarmu, sai ƙaramin cikinmu ya buɗe mana allo a Trello, ya jera katuna masu launi, muka yi ta yaba masa. Ba a yi wata guda ba allon ya zama kufai, kowa ya koma zauren WhatsApp, muka ce ai abin Turawa ne, bai dace da mu ba. Da muka waiwaya daga baya muka karanta katunan ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga kusan dukkansu da "a" suka fara: a nemo rodi, a tuntuɓi kafinta. Mun kwashe al'adar taronmu mun zuba a waya, muna jiran waya ta yi abin da mu ba mu yi ba.

Waɗanda suka ƙera Asana, wato Dustin Moskovitz da Justin Rosenstein, da suka bar Facebook suka kafa kamfaninsu a 2008, sun yi wani abu da yakan ba sabon shiga haushi: aiki ɗaya, mutum ɗaya kawai za a iya ɗora wa. Ana iya saka mutane da yawa su bi sawun aikin, su yi sharhi, amma gurbin mai alhaki suna ɗaya yake ɗauka. Trello kuwa yana barin a liƙa fuskoki da dama a kati guda, kuma a nan muka samu mafaka, muka riƙa liƙa kwamiti sukutum a kan kowane kati. A ganinmu duk amfanin da za a samu daga waɗannan manhajoji daga wannan gurbi yake farawa. Katin da ba shi da suna ɗaya da wa'adi ɗaya fata ne kawai, kamar na mai cewa Allah ya kawo ruwa.

Kada wani ya ce wannan baƙon tsari ne. Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Kano da Salaga, har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, jama'a suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da sauran garuruwa, ba da "za a yi" suke tafiyar watanni ba. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya, yana da uban dawaki, yana da malamin da yake riƙe rubutu. In aka ɓace hanya an san wanda za a kalla. Mu jikokinsu ne muka koma kafa kwamitin mutum goma sha biyar wanda kowa a cikinsa mataimaki ne.

Amma akwai wahala ta gaske a nan, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Kati a Trello yakan yi ja da kansa idan wa'adi ya wuce. Na'ura ba ta da kunya. In sunan da ke kan katin na Alhaji ne, dattijon da ya ba da filin makarantar, ya zauna ja a gaban 'ya'yansa da jikokinsa, to an sayi rigima da kuɗi, kuma Alhaji ba zai sake zuwa taro ba. Abin da muka koya shi ne a raba girma da aike. Alhaji ya ce zai yi magana da mai tipar yashi, madalla. Sai a tambaya a wurin, cikin ladabi: "Alhaji, wa za mu haɗa da kai ya riƙa tuna maka?" Sunan wannan yaron ne zai hau kati, domin ƙafarsa ce za ta yi tafiyar. Haka nan alkawarin gudummawar kuɗi ba ya hawa allon da kowa yake gani. Wannan yana littafin ma'aji, ko wani allo na mutum uku. Wanda ya yi alkawarin buhu goma na siminti kasuwa ta juya masa baya, ba tallarsa ya kamata a yi ba.

Tsarin allon da katunan nan daga masana'antar Toyota ya samo asali a Japan, inda wani injiniya mai suna Taiichi Ohno ya inganta shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kanban suke kiransa, wato allon sanarwa ko kati. Abin da yawancinmu ba su ɗauka daga ciki ba shi ne ƙa'idar taƙaita aikin da ke hannu. Layin "ana yi" yana da iyaka, ba a ɗora sabon kati a ciki sai an fitar da wani. Mu kuwa mun kware wajen farawa. Ga tushen aji an haƙa, ga banɗaki an kai linta, ga katanga rabi, duk a tsaye, kuɗi sun watse a tsakaninsu ba ko ɗaya da yaro zai iya amfani da shi. Da muka sake gina allonmu layi huɗu muka bar masa, da Hausa muka rubuta su: jira, ana yi, ya maƙale, an gama. Muka yarda kada "ana yi" ya wuce kati uku. Layin "ya maƙale" shi ya fi kowane amfani, domin ya ba mutum hanyar cewa na kasa ba tare da ya furta ba. Ya ja katinsa ya rubuta dalili, a taro a taru a kansa.

"An gama" ma sai da muka yi masa iyaka. Dokin mai baki ya fi gudu. Kati ba ya shiga wannan layi sai da shaida a jikinsa: hoton rasit, ko hoton saƙon MoMo, ko hoton bulo a jere a fili. Wannan ya yi mana wani amfani da ba mu yi zato ba. 'Yan'uwanmu da ke Bronx da Hamburg da Jidda, waɗanda suka gaji da aiko kuɗi suna jin "aiki yana tafiya", sun samu abin dubawa da idonsu ko da tsakar dare ne, kuma tambayoyinsu masu ɗaci suka ragu.

Game da WhatsApp, shawararmu ita ce kada a yi yaƙi da shi, ba za a ci ba. Iyayenmu da yawa ajami da Larabci suke karantawa, wasu saƙon murya ne rubutunsu, kuma manhajojin nan ba da Hausa suke magana ba. Ba dole ba ne kowa ya shiga. Mutum ɗaya ake buƙata, magatakarda mai haƙuri, wanda zai saurari saƙonnin murya da yamma ya tsamo abin da ya zama aiki ya mai da shi kati, sannan kowace Juma'a ya ɗauki hoton allon ya tura zaure tare da bayanin murya na minti biyu. Taro kuma da allon ake buɗe shi bayan addu'a, kati bayan kati. Ranar da aka yi taro ba a duba shi ba, ranar ya fara mutuwa.

Sai batun kuɗi. Galibin waɗannan manhajoji suna da matakin kyauta, sannan matakin biya wanda ake lissafa shi a kan kowane mutum a kowane wata, da dala. Duk wanda ya ga yadda sidi ta faɗi a gaban dala a 2022 ya san abin da wannan yake nufi ga ƙungiyar da ke rayuwa da karo-karon jama'a. Kwamitin unguwa da mai shagon ɗinki mai yara shida, matakin kyauta ya ishe su. In ta kama a biya, a biya wa masu motsa katuna kawai, kuma ƙungiyar da ta yi rajista a matsayin ta agaji ta nemi rangwamen da kamfanonin suke yi wa irinta. Wani abu ƙarami da ya kusa jawo mana asara: da adireshin imel na yaron da ya kawo shawarar aka buɗe allonmu na farko. Da ya samu tafiya karatu ya canja lamba, sai da muka yi makonni muna nemansa. A buɗe da imel ɗin ƙungiya, mabuɗin ya kasance a hannun mutum biyu.

Wuri ɗaya muka ga biyan kuɗi zai iya cin ladansa, shi ne inda ayyuka suke jiran juna. Akwai wani jadawali da ake dangantawa da Henry Gantt, injiniya ɗan Amurka na farkon ƙarni na 20, mai shimfiɗa ayyuka a kan kwanakin wata a ga wanne ke bin wanne. A gini wannan ba ƙawa ba ne. Ba a buga kwano sai kafinta ya gama katako, kafinta ba ya hawa sai linta ta bushe, linta ba ta zubuwa sai rodi ya iso. A kudancin Ghana kuma ruwan sama mai ƙarfi yana sauka ne daga Afrilu zuwa Yuli, mutanen Accra sun san abin da watan Yuni yake yi wa kwatocinsu. In ana son rufi ya hau kafin nan, daga ranar ake ƙirgowa baya, sai a ga ashe rodin da ake cewa za a saya bayan Salla tun watan jiya ya kamata ya iso. Mu ba mu biya ba. A bayan wata tsohuwar kalanda muka zana namu jadawalin, muka kwafe ranakun muka zuba a kan katuna.

Azuzuwa biyu sun samu rufi, yara suna ciki. Na ukun yana nan a layin "ya maƙale", an rubuta a jikinsa cewa kuɗin tagogi bai cika ba, kuma sunan ɗaya daga cikinmu ne a kansa.